RA'AYI: A auna ƙurar azuzuwa da asibitocin Magarya da Dungas kafin a sake shafa musu fenti

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, makarantun Nijar suka koma karatu, abin da ake fara dubawa a aji shi ne rufi da benci da allo. Ajin da ya samu gata har aka turo masa ɗan kwangila, sai a kankare tsohon fentin ƙofa da taga da samfefa, a shafa sabo mai ƙyalli, shuɗi ko kore ko rawaya, a bi ƙasa da tsintsiya, yara su shigo. Garin fentin da aka kankare ba ya zuwa ko'ina. Yana nan cikin tsagar siminti da bakin taga da ƙarƙashin benci. Yaron da ya zauna a ƙasa ya dafa hannu, sannan ya ciro ƙuli-ƙuli daga aljihu ya kai baki, ya riga ya haɗiye rabonsa.

Idan fentin nan ba shi da dalma, abin bai wuce datti ba. Idan kuwa yana da ita, to guba ce da ba ta da wari, ba ta da launin da zai bambanta ta da sauran ƙura, kuma ba ta sa yaro kuka a ranar da ya ci ta. Hanya ɗaya ce ake sanin wanne ne cikin biyun, wato a ɗebi ƙurar a auna. Aiki ne mai araha idan aka kwatanta da kuɗin gina aji ɗaya, kuma gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram suna da dalilan da za su sa su riga wasu farawa. Sai dai da sharaɗi. Hanyar ɗibar ƙura da duniya ta saba da ita an tsara ta ne don gidajen Amurka da Turai masu daɓen katako da tayil. Wanda ya ɗauko ta yadda take ya kawo ta ɗakin da aka zuba wa rairayi aka shimfiɗa tabarma, zai iya komawa da takardar da ke cewa lafiya lau, alhali ba lafiya ba.

Ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum 900,000 a gundumomin biyu, waɗanda gunduma ɗaya ce kafin a yanke Dungas a 2011. Yanki ne mai cunkoso, kuma yara sun fi kowa yawa a cikinsa. Ƙungiyar likitoci ta na-gari-na-kowa, MSF, tana aiki a sashen yara na asibitin Magarya tun 2005. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar ta sanar da cewa yara sama da 700 ne ke kwance a asibitin, kuma ana rasa kimanin 10 a kowace rana. Zazzaɓin cizon sauro da tamowa ne suka yi wannan ɓarnar, babu mai danganta ta da dalma. Abin lura shi ne waɗannan cututtuka biyu su ne suka fi iya ɓoye gubar dalma idan tana nan.

Yaron da dalma ta yi wa yawa a jini yakan zo da amai da ciwon ciki da kasala da ƙarancin jini, idan ta tsananta kuma sai jijjiga da suma. Ma'aikacin jinya a Bande ko Wacha ko Dogo-Dogo da ya ga waɗannan alamomi a watan Agusta zai fara ne da gwajin zazzaɓin cizon sauro, kuma daidai ya yi, tunda shi ne ya fi yawa. Gwajin dalma a jini ba ya cikin kayan aikin yau da kullum na ƙananan asibitocin karkara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalmar da ya haɗiye ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa, kuma yunwa da ƙarancin sinadarin ƙarfe da na kalsiyam suna ƙara buɗe mata hanya. Hanjin da ke neman sinadarin ƙarfe bai samu ba yakan karɓi dalma a madadinsa. Ke nan ƙura ɗaya ce, amma ta fi cin yaron da ke fama da tamowa a kan yaron da ya ƙoshi.

Mutanen Zamfara sun ga wannan rikicewar alamomi da idonsu. A watan Maris na 2010 ma'aikatan MSF da ke sa ido kan sanƙarau suka ci karo da ƙauyuka a ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka inda yara ke mutuwa da jijjiga, ana ba su maganin zazzaɓi ba ya ci. Tun kafin nan mutanen ƙauyukan sun lura agwagi suna ƙarewa, ba wanda ya san dalili. Da aka auna jini da ƙasa sai aka gano dalma ce daga duwatsun zinare da ake dakawa a turmi ana niƙawa a inji cikin gari da cikin gidaje. A ƙauyuka biyu da aka fara bincika, kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da aka rasa ta kai aƙalla 400. Sai da aka kwashe saman ƙasar gidaje da wuraren sarrafa dutse sama da 800 a ƙauyuka takwas, har da Dareta da Yargalma da Bagega, aka zuba sabuwa, domin likitoci sun ce babu amfanin fitar da gubar daga jinin yaro sannan a mayar da shi cikin ƙurar da ta sa masa ita.

Magarya ba Zamfara ba ce, fenti kuma ba dutsen zinare ba ne. Da wuya ƙurar fenti ta kashe yaro nan take. Ɓarnarta a hankali take yi: tana rage kaifin ƙwaƙwalwa, ta hana yaro natsuwa a aji, ta taɓa jinsa da girmansa, kuma abin da ta rage ba ya dawowa. A jikin mace tana taruwa a ƙashi, ta fito lokacin goyon ciki ta isa ga ɗan tayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani adadin dalma a jini da ba ya cutarwa ba. Rahoton da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, yana da dalma a jini da ta kai matakin da ya kamata a tashi tsaye. Irin wannan yaro ba a kai shi asibiti. A aji ake ce masa daƙiƙi, a gida a ce ba ya jin magana.

Za a iya cewa yawancin gidajen Sasumburum ko Guci na laka ne, ba su taɓa ganin fenti ba. Gaskiya ne, kuma farar ƙasa da ake shafa wa bango ba ita ake tsoro ba. Fentin ruwa ma da wuya a same shi da dalma mai yawa. Fentin mai ne abin dubawa, shi kuwa ya shiga ƙauye ta ƙofar ƙarfe da tagar ƙarfe, ta gado da kabad na ɗakin amarya, ta bencin makaranta da lilon yara, da rabin bangon asibiti da ake shafa wa fenti mai sheƙi don ya yi sauƙin wankewa. Wuraren da suka fi fenti a karkara su ne wuraren da hukuma ta gina, kuma su ne wuraren da ake tara yara. Ɗakin jiran riga-kafi, inda 'yan wata tara ke rarrafe a siminti uwayensu na jiran layi, ya fi ajin firamare haɗari, domin shekara uku na farko ne yaro ya fi kai hannu baki, kuma a nan ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa.

Kayan gini da ake sayarwa a wannan yanki da yawansu daga kasuwannin Kano suke tasowa, su bi ta Babura ko Maigatari su ƙetaro. Binciken da aka wallafa a 2007 kan fentin da ake sayarwa a Ibadan ya samu cewa kusan dukkan gwangwanayen da aka gwada sun wuce iyakar da Amurka ke amfani da ita a lokacin, wato kashi 600 cikin miliyan. Yau iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira a bi ita ce kashi 90 cikin miliyan. Wasu masana'antu sun gyara tun daga lokacin, amma fentin da aka shafa shekara goma sha biyar da suka wuce yana nan a bango, an dai rufe shi da wani. Rawaya da ruwan lemo da ja da kore su suka fi ɗaukar dalma, sai jan fentin hana tsatsa irin wanda masu walda ke shafa wa ƙofa kafin launi na ƙarshe. Nijar ta amince tun 1961 da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1921 da ta hana amfani da farar dalma a fentin cikin gini, sai dai yarjejeniyar ba ta taɓa waɗannan launuka ba, ba ta kuma taɓa dalmar da ake zubawa don fenti ya yi saurin bushewa ba.

Lissafi kaɗan zai nuna girman abin. Busasshen fenti mai nauyin giram ɗaya, wato kimanin ƙwayar gyaɗa biyu, idan dalmar cikinsa ta kai kashi 10,000 cikin miliyan, kamar yadda ake yawan samu a fentin rawaya, yana ɗauke da maikirogiram 10,000. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Idan samfefa ta mayar da wannan ɗan ɓawon gari, ya isa ya kai daɓen azuzuwa uku masu mita 9 da 7 zuwa kusan iyakar da Amurka ta gindaya yau. Ƙofa ɗaya kuwa tana ɗauke da fenti ninkin-ba-ninkin wannan.

Me ya sa ƙura za a auna, ga bango a tsaye? Domin yaro ba ya cin bango. A 1904 wani likitan ido a birnin Brisbane na Ostareliya mai suna Lockhart Gibson ya bi sawun yaran da ke zuwa masa da shanyewar gaɓoɓi da lalacewar gani, ya gano cewa zafin rana ne ke mayar da fentin shingen baranda gari, garin ya manne a hannun yara masu tsotsar yatsa da cizon farce. Wanda ya taɓa shafa ƙofar ƙarfe da ta sha ranar Damagaram shekara uku ya ga launin ya biyo tafinsa, ya san abin da likitan ke nufi. Bango mai dalma da fentinsa bai fashe ba yana iya zama shekaru bai cutar da kowa ba. Taga mai dalma kaɗan da ake buɗewa ana rufewa kullum, ƙarfe na gogar ƙarfe, tana zubar da gari kowace rana. Awon fenti yana faɗin abin da ke ajiye a jikin gini. Awon ƙura shi ke faɗin abin da ya riga ya sauko inda hannun yaro yake.

A farkon shekarun 1990 masu bincike a birnin Rochester na jihar New York suka shiga gidajen ƙananan yara 205, suka ɗebi ƙura ta hanya uku a kowane gida: gogewa da ƙyalle mai laima, da na'urorin zuƙe ƙura iri biyu. Sannan suka kwatanta da jinin yaran. Suka samu cewa yawan dalmar da ke kwance a kan faɗin daɓe ya fi nuna abin da ke cikin jinin yaro a kan yawan dalmar da ke cikin kowane giram na ƙura. Ƙyalle mai laima ya yi aiki kusan daidai da na'ura mai tsada, ga sauƙi ga araha, shi ya sa ya zama hanyar da aka fi bi.

Yadda ake yi ba shi da wuya, amma ba ya son ganganci. Mai ɗiba zai sa sabuwar safar hannu, ya aza ma'auni mai kusurwa huɗu a ƙasa, kimanin santimita 30 kowane ɓangare. Ya ɗauko ƙyallen, wanda ya yi kama da na goge wa jarirai jiki amma an tabbatar ba shi da dalma, ya bi cikin ma'aunin daga dama zuwa hagu yana lanƙwasa kamar tafiyar maciji, ba tare da ya ɗaga hannu ba. Ya ninke ƙyallen dattin na ciki, ya sake bi daga sama zuwa ƙasa, ya sake ninkewa ya bi gefe da kusurwoyi. Sai ya sa shi a kwalbar roba mai murfi, ya rubuta wuri da rana da faɗin da aka goge, ya canja safar hannu kafin na gaba. A cikin kowane rukuni akan sa ƙyalle ɗaya da ba a goge komai da shi ba, a tura shi tare da sauran ba tare da an gaya wa ɗakin gwaje-gwaje ba. Idan aka samu dalma a wannan, to aikin ne ya gurɓata, sai a sake. A ɗakin gwaje-gwaje ana narkar da ƙyallen cikin asid, na'ura ta ƙirga dalmar.

Iyakar da ake kwatanta sakamakon da ita ta yi ta sauka. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa maikirogiram 40 a kowane murabba'in ƙafa na daɓe a 2001, ta rage zuwa 10 a 2019. A 2024 ta ce duk dalmar da ɗakin gwaji ya iya gani a ƙurar gida abin damuwa ce, kuma bayan an yi gyara dole daɓe ya sauka ƙasa da 5, wato kimanin 54 a murabba'in mita. Faransa kuwa tana aiki da 1,000 a murabba'in mita wajen duba gida bayan gyara, kuma da irin wannan ƙyallen aka bi makarantun da ke kewaye da majami'ar Notre-Dame bayan gobarar Afrilun 2019 ta narkar da rufinta na dalma. Tsakanin adadin Faransa da na Amurka akwai ninki sama da 18. Ma'aikatun Yamai sun saba ɗaukar tsarin takardunsu daga Faransa, amma a wannan karon adadin Faransa ya yi sassauci da yawa ga yaran da cikinsu ba ya cika.

A asibiti da ajin siminti, ƙyalle zai yi aiki, ko da yake simintin da ya farfashe yana riƙe ƙura a ramukansa har ƙyallen ya kwaso kaɗan daga abin da ke wurin. A ɗakin da daɓensa ƙasa ce ko rairayi, ƙyalle ba shi da amfani ko kaɗan. Zai cika da ƙasa tun a shafar farko, kuma babu wanda zai iya cewa faɗin da aka goge ya ƙare a nan, tunda daɓen gaba ɗaya ƙura ce. A nan darasin Zamfara ya fi na Rochester amfani. Ana kankaro saman ƙasar, santimita ɗaya zuwa biyu, daga wurare da yawa a ɗaki ɗaya: bakin ƙofa, ƙarƙashin taga, gindin gado, inda yaro ke zama ya ci abinci. A haɗa, a shanya, a tankaɗe da rariya mai laushi sosai, domin garin da bai kai rubu'in milimita ba shi ke mannewa a hannu, tsakuwa ba ta shiga baki. Wanda ya auna ƙasar ba tare da tankaɗewa ba, manyan ƙwayoyin rairayi za su tsarma masa sakamakon ya fito ƙasa da gaskiya.

Sai kuma hunturu, wanda babu shi a littafin Amurka. Daga Nuwamba zuwa Maris iska na ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na Chadi ta zuba a kan komai, a share da safe, kafin azahar ta dawo. Wannan ƙurar ba ta da dalma mai yawa, amma tana cakuɗuwa da garin fenti ta rikita lissafi. A ɗauki aji biyu. Na farko yana da giram ɗaya na ƙura a kowane murabba'in mita, dalmar cikinta kashi 500 cikin miliyan, ke nan maikirogiram 500. Na biyu hazo ya zuba masa giram 10, dalmar cikinta kashi 100 kacal, ke nan maikirogiram 1,000. Wanda ya duba ƙarfin dalma cikin ƙura kaɗai zai ce aji na biyu ya fi tsabta ninki biyar, alhali hannun yaro zai kwashi ninki biyu a can. Saboda haka a wannan yanki dole a rubuta adadi biyun tare, a kuma ɗiba sau biyu a shekara, da hunturu da kuma bayan damina, kafin a yanke hukunci a kan gini.

Akwai kuma al'ada, wadda mai bincike daga birni kan manta da ita. Duk matar da aka ce mata baƙi za su shigo ɗakinta gobe, za ta share ta yayyafa ruwa ta kakkaɓe tabarma, kuma ba za a ga laifinta ba. Haka shugaban makaranta zai sa yara su share aji idan ya ji ana zuwa. Ƙurar da aka zo aunawa ta tafi. Dole a nemi izini tun da wuri, a yi bayani, sannan a roƙi kada a share a ranar. Tabarma da darduma su ma sai a kakkaɓe su a kan leda mai tsabta a tara abin da ya zubo, domin a kansu yaro ke kwana. Hanya mafi kai tsaye kuwa ita ce a goge tafin yaron da kansa da ƙyalle bayan ya yi wasa, da yardar uwarsa. Wannan ba ya buƙatar daɓen siminti ko na ƙasa.

Wajen karanta sakamako, na'urar hannu da ake kira XRF ita ta yi aiki a Zamfara. Ana ɗora bakinta a kan ƙasa ko ƙofa, cikin ƙasa da minti ɗaya ta nuna adadi. Kuɗinta yakan kai dalar Amurka 20,000 ko fiye, amma guda ɗaya ta isa jiha, idan aka ajiye ta a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, kimanin kilomita 90 daga Magarya, ɗalibai suka riƙa fita da ita. Wani kaso na samfuran sai a tura ɗakin gwaji don tabbatarwa, ko LANSPEX a Yamai ko wata jami'a a Kano, duk wanda ya nuna yana da kayan aikin. 'Yan sandunan gwaji masu arha da ke canja launi idan sun taɓa dalma suna da amfani wajen wayar da kai, amma kada a dogara da su. Sukan kasa gano dalmar fentin rawaya, wanda shi ne ya fi muni, kuma ba sa faɗin adadi.

Idan aka samu dalma a ƙura, kada a yi saurin ɗora wa fenti. Batirin mota da na sola cike suke da ita, kuma ana gyara su ana fasa su a bakin kasuwa da zauren gida. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka rasu a Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar saboda tankaɗe ƙasar da aka fasa batira a kanta. Kwalli ma haka: a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu gubar a jininsa daga tozalin da ake sa masa, wanda sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe, waɗanda Bahaushe ya daɗe yana ce wa tukunyar dalma ko da alminiyam ce, su ma an sha samun dalma ta gaske a cikinsu. Ingantaccen ɗibar ƙura yana taimakawa wajen rarrabewa. Idan adadi ya yi sama a ƙarƙashin taga ya ragu a tsakiyar ɗaki, taga ce. Idan ya yi sama a zaure ya ragu a ciki, a tambayi sana'ar maigida.

Wa zai shiga gidajen? Namiji baƙo mai farar riga ba zai wuce zaure ba a gidaje da yawa, kuma bai kamata ya nema ba. Yankin yana da mata masu aikin sa-kai da suka saba shiga gida-gida da igiyar awon damtse da maganin riga-kafin zazzaɓi na damina. Wadda ta iya karanta awon damtse za ta koyi gogewa da ƙyalle cikin kwana biyu. Da saninsu da na mai gari da limami aikin zai tafi. Kuma duk gidan da aka ɗebi ƙurarsa a koma a faɗa masa sakamako da Hausa, ba a bar shi cikin rahoton Faransanci a Yamai ba.

Mai ƙorafi zai ce, ana fama da zazzaɓi da yunwa, ina aka ga kuɗin auna ƙura? Tambayar tana da nauyi, kuma babu mai cewa a rage kuɗin gidan sauro ko na abincin yara masu tamowa. Amma abin da ake magana a kai ƙarami ne: gundumomin biyu suna da ƙananan hukumomi 11. A ɗauki asibiti biyu da makaranta biyu da gidaje kaɗan a kowace, samfura 'yan ɗaruruwa ne, aikin makonni. Idan sakamako ya fito da tsabta, an huta, an kuma samu adadin da za a riƙa kwatantawa da shi nan gaba. Idan ya fito da dalma, an san inda za a kai na'urar gwajin jini, wadda ke aiki da ɗigo ɗaya daga yatsa ta ba da amsa cikin minti uku.

Abin da ya fi hatsari shi ne a ji labarin dalma a firgita, a sa leburori su kankare fentin a bushe ko su ƙona shi da wuta. Wannan shi ke mayar da ajiyayyen haɗari ya zama ƙurar da ake shaƙa. Fentin da bai fashe ba a bar shi, a rufe shi da sabo marar dalma. Wanda ya fashe a jiƙa shi kafin a kankare, a shimfiɗa leda a ƙasa, a fitar da yara da masu ciki, a goge da tsumma mai ruwa maimakon tsintsiya, tunda shara a bushe tayar da garin take yi ya sauka wani wuri. Sannan a sake ɗibar ƙura kafin a buɗe ɗakin.

Bayan gobarar da ta cinye yara a azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilun 2021 da kuma Maraɗi a Nuwamban shekarar, hukumomi sun yi alkawarin maye gurbin dubban irin waɗannan azuzuwa da ginin bulo. Kowane sabon aji yana zuwa da ƙofa da tagogi na ƙarfe da bencina, kuma duka za a shafa musu fentin mai. Hukumar garin Magarya ko ta Malawa ba ta buƙatar jiran sabuwar doka daga Yamai kafin ta ƙara layi biyu a takardar kwangila: fentin da za a yi amfani da shi kada dalmarsa ta wuce kashi 90 cikin miliyan, ɗan kwangila ya kawo gwangwanin a gwada kafin ya buɗe, kuma ba za a biya kason ƙarshe ba sai an goge daɓe da bakin taga da ƙyalle, sakamako ya dawo, sannan a karɓi makulli.